Wa Zai Wanke Ladidi?

Ku matso kusa. Masu boko ku zauna gaba, don ku wannan shari'a za ta fara kayarwa.

Barau tela ya auri 'yar kawunsa Ladidi, ta haifa masa 'ya mace. Tun wankan farko fatar jaririyar ta tashi ɓororo kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ko zane ya goge ta, sai wurin ya saluɓe.

Gwaggo Tabawa ungozoma, wadda ta dirje ta da soso, ta bi gida-gida tana cewa, "Ladidi ba ta iya surka ruwa ba, ta dafa 'yar mutane." Ilu wanzami ya shafa toka da man shanu, ƙurajen suka yi mugunya, ya ce ƙazantar uwar ce. Barau kuwa ya bugi ƙirji a bakin shago: "Danginmu ko ƙyasbi ba ma yi!" Ya manta kakansu ɗaya da matar. Ya kora ta gidansu da jaririya a hannu.

Zazzaɓi ya rufe yarinya. Tabawa ta je dubiya, ta ɗaga ta ta hammata, sai ga shatin yatsunta ya tashi ƙuraje, babu ruwa ko ɗigo. Nan ta gane ba ruwan wanka ba ne. Ta je shago ta fizgo Barau daga kan keken ɗinki, ta ce, "Tashi, ɗan nan, asibitin birni!" Da an ƙara kwana biyu, da an rasa jaririyar.

Likita ya ce, "Malam, ba ƙuna ba ce. Gado ne, daga wajen uwa da wajenka. Ba ya warkewa, sai lallaɓawa." Barau ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya saya.

Ƙurajen sai an huda su da allura mai tsabta kafin su yaɗu, amma babu wanda ya iya. Ilu ya ajiye askarsa ya koya wajen nas, kullum da safe yana gidan su Ladidi, ba ya iya haɗa ido da ita.

Barau ya ɗinka wa 'yarsa riguna masu laushi, ɗinkin ta waje, da 'yar katifar auduga ta ɗaukarta, tunda goyo ya haramta. Ya daina zaman bakin shago. Fata ta samu sauƙi, yarinya ta rayu.

Da ya aika biko, Ladidi ta ce, "Har yau mata ba sa ba ni 'ya'yansu in riƙe. Cikin Barau da Tabawa da Ilu, ɗaya ya tsaya tsakar kasuwa ya ce ƙarya ya yi mini, sai in koma."

Tabawa ta ce da furfurarta? Ilu ya ce wa zai sake miƙa masa kan ɗansa? Barau ya buɗe baki, ya tuna ƙyasbi, ya rufe.

To, wa ya kamata ya tsaya a kasuwar nan?