Asibitin Kufan Dagwalo

Ku gyara zama. Wannan ba ta kura da zomo ba ce, ta ma'aikatan gwamnati ce, don haka ta ɗan fi ban tsoro.

A wata jiha da ba sai na faɗi sunanta ba, akwai wani gari a bakin kogi, Dagwalo. Wata shekara kogin ya tashi da rana tsaka, ya ci rabin garin da mutanen ciki. Waɗanda suka tsira suka binne waɗanda aka samu, suka haura tudu, tafiyar yini guda a ƙafa, suka kafa sabon gari. Dattawa suka yanke cewa ba mai sake taka kufan, ko don tsintar ƙwarya. Kowa ya ji labarin tashinsu ban da gwamnati, ita kuma ba ta tambaya ba.

Cikin waɗanda ruwan ya ci har da wata mata, Tabawa. Ta bar 'ya'ya huɗu: Lantana, Mati, Barau, da autarsu Indo. Shekara goma sha ɗaya bayan haka Indo na ɗauke da cikin fari a sabon garin, ƙafa a kumbure, ido fari fat. Garin ba asibiti, ba ma'aikaciyar jinya, kuma da damina ta zauna fadama takan yanke hanya. Duk macen da haihuwa ta zo wa da gardama a wannan lokaci, sai dai a yi mata addu'a, wani lokacin iri biyu.

Lantana, babbarsu, tana aiki a birni, a ofishin da ke bin sawun kuɗin lafiya. Nawa gwamnati ta zuba, nawa ƙungiyoyin agaji na waje suka kawo, nawa talaka ya ciro daga aljihunsa, kuma ina kowane kwabo ya kwana, don masu tsara kasafi su san inda za su sa na baɗi. Aiki ne da ba ya jawo wa mutum abokai. Kowace ƙungiya da nata littafin, ba mai son nuna wa wani. Lantana ta yi kwana arba'in tana roƙo, tana haɗa takardu gefe da gefe, sai ta ci karo da asibitin Dagwalo. Duk wata uku ana kai masa magani. Ana biyan albashin ma'aikaciyar jinya. Bara ma an yi masa fenti. Rahotonsa ba ya makara, rubutu tsaf, kuma shekara goma sha ɗaya ba a yi mutuwa ko ɗaya a cikinsa ba, har an zaɓe shi a ba shi lambar yabo. Lantana kuwa da idonta ta ga ruwa ya shafe rufin asibitin nan. Ta kai wa shugabanta maganar. Ya ce, "Hajiya, takarda ta ce akwai asibiti. Ke me kika riƙo?" Ya ce sai an kawo rajistar asibitin kanta, in akwai.

Mati, na biyu, manomi ne, karatunsa ya tsaya a aji huɗu. Da saƙon yayarsa ya iso, bai shawarci dattawa ba, don ya san amsarsu. Ya isa kufan rana na tsakar ka. Gidaje sun narke sun koma tudun ƙasa, ba tsuntsu, ba ƙadangare. A tsakiyarsu ga asibiti a tsaye da sabon fenti, an share ƙofarsa har sawun tsintsiya bai goge ba. Ya yi sallama sau uku. Ya dafa bencin jira, ya ji shi da ɗumi, alhali yana cikin inuwa. Rajista na buɗe a kan tebur. Ya bi sunaye da yatsa a hankali, kowane suna ya san kabarin mai shi. Ga na mahaifiyarsu: Tabawa, Talatar da ta wuce, tari, an ba ta magani, ta dawo bayan mako biyu. A layin ƙarshe kuma ga sunan Indo, haihuwa, da kwanan watan da saura kwana goma sha tara ya zo. Gurbin da ake rubuta yadda aka ƙare ba a cika shi ba tukuna. Mati ya rufe littafin ya sa a hammata. Yana bakin ƙofa aka yi tari a bayansa, tarin da ya sani tun yana goye. Bai waiwaya ba. Dattawa suka sa shi kwana bakwai a bayan gari kafin su bar shi ya shiga, kuma har yau ba ya zama ya ba ƙofa baya.

Ni dai na yi boko, kuma na san ɓarawo malalaci yakan kwafi sunaye daga tsohon littafi ya sayar da magani a kasuwa. Bencin ma ana iya cewa zufar hannun Mati ce. Sunan Indo ne kawai bai shiga lissafina ba, domin lokacin da aka yi ruwan tana 'yar shekara takwas. Wannan na bar wa waɗanda suka fi ni karatu.

Barau, na uku, malamin firamare ne, ba ƙarfi ba muƙami, sai baki. Shi ya ɗauki rajistar da takardun Lantana ya shiga gaban kwamitin tsare-tsare, ana saura kwana biyu a rufe kasafi. Ya haɗa da jerin waɗanda liman ya yi wa salla shekarar ruwa. Ya karanta suna daga nan, ya karanta shi daga can, har arba'in. Shugaban kwamiti ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Malam, mun ji. Amma wannan ne asibitin da ya fi kowane kyau a jihar nan. In muka rufe shi me za mu gaya wa masu ba mu agaji?"

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce a rufe? Ni roƙona a girmama shi. Lambar yabon nan kada a aika da direba. Kwamiti ya je da kansa ya miƙa hannu da hannu, a ɗan zauna a benci a gaisa da marasa lafiya. Suna da kirki, duk na san su. Akwai ma fili a rajista, sai kowa ya rubuta sunansa."

Ya tura littafin tsakiyar tebur, ya ɗora biro a kai. Wani ya tuna yana da ciwon gwiwa, wani ya ce motarsa ba ta son yashi. Kafin azahar an sa hannu cewa a mayar da maganin Dagwalo da gurbin ma'aikaciyar jinya zuwa inda masu numfashi suke.

Ranar kwana na goma sha bakwai da zuwan Mati kufan, wata Sista Rifkatu ta iso sabon garin a amalanken shanu, da kwalayen magani shida, ruwan fadama har gindin kaya. Ranar na goma sha tara naƙuda ta kama Indo. Ta haifi namiji, jini ya ɓalle, irin wanda a garin nan ba a taɓa ganin an tashi daga shi ba. Sista Rifkatu ta yi mata allura, ta ɗaura mata ruwa, ta tsaya a kanta har ya tsaya. Indo ta rayu. Rajistar kuwa an kulle ta a ɗakin ajiya na ma'aikata a matsayin shaida. Mai kula da ɗakin ya nemi a canza masa wurin aiki, bai faɗi dalili ba.

Ranar suna Indo ta ce idan ta yaye yaron za ta ba da riƙonsa ga wanda ya ceci ranta cikin yayyenta, kamar yadda aka saba yi wa ɗan'uwan da ya fi kowa hakki a kanka. Nan magana ta tsaya. Ba don Lantana ba, ba wanda zai san ana ciyar da kufai. Ba don Mati ba, takardunta da sun tsufa a aljihun tebur. Ba don Barau ba, da an karɓi rajistar an gode, an rufe kasafi yadda yake. Yaro kuwa ɗaya ne, kuma ya fara rarrafe.

To, ku da kuka saurara, a gidan wa za a kai shi?