Ruwan Zafin da Ya Ƙafar da Rijiyar Fada

Ku matso ku ji abin da ya faru a zamanin da, a wani birni da sunansa ya ɓace. Ana tsakiyar damina, kududdufai sun cika sun batse, aka wayi gari rijiyar fada ta ƙafe ƙaf. Rijiyar da tun kakannin kakanni ba a taɓa ganin ƙasanta ba!

Sarki ya tara jama'a. Liman Tanimu ya ce jarrabawa ce daga Allah. Tabawa, uwar 'yan bori, ta ce, "Ranka ya daɗe, mutanen ɓoye ne suka janye ruwansu. Wani ya zubar da ruwan zafi a ƙasa bai yi musu magana ba, ya ƙone musu ɗa." Liman bai musa ba, don shi ma ya san aljanu halittar Allah ne.

Nan take ido ya koma kan Cindo mai mazarƙwaila, wanda kullum yake wanke tukwanensa da tafasasshen ruwa kusa da fada. Cindon nan kuwa, ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa gidan bori. Ko a kasuwa faɗi yake, abin da hannunsa bai taɓa ba, babu shi.

Sarki ya ce, "Gobe da hantsi a jefa shi cikin rijiyar, ya je ya ba su haƙuri da bakinsa."

Waziri Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, rai ba ya dawowa. A ba ni yau kaɗai."

Da azahar Waziri ya sa aka tafasa ruwa tukunya uku. Ya ɓoye Sarki bayan zana a wani kangon gida, ya sa Liman da Tabawa da Cindo su shiga ɗaya bayan ɗaya su zubar, kowa na zaton ba mai ganinsa.

Liman ya yi bisimilla ya zubar. Tabawa ta durƙusa ta ce, "Gafara dai masu gida," ta zubar. Sai ga Cindo. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya bubbuga ƙasa da ƙafa sau uku. Sannan ya sunkuya, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ku janye 'ya'yanku, ga zafi nan." Ya ɗan jira tukuna, kamar mai jiran tsohuwa ta wuce hanya, kana ya tuttular.

Waziri ya fito ya ce, "Af! Malam Cindo, kai da ka ce babu su, da wa kake magana?"

Kunya ta rufe Cindo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, har gobe ban yarda akwai su ba. Amma haka uwata take yi, bakina ya ƙi mantawa. In babu kowa, iska na yi wa magana. In kuwa akwai ɗan wani a wurin fa? Shekara talatin ban taɓa zubarwa shiru ba."

Waziri ya juya wajen zana ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan bai ƙone ɗan kowa ba."

Sarki ya fito daga bayan zana. Ya dubi Waziri. Ya ce, "Barmo, ni ne. Ranar Laraba aka kawo mini ruwan wanka ya yi zafi, na fusata na shure tukunyar a gindin rijiya. Na tuna maganar da ake yi musu kafin a zubar, amma na ce a raina, sarki ba ya neman izini a ƙasarsa."

Wallahi ba wanda ya iya ɗaga ido.

Sarki ya tuɓe takalma ya tafi bakin rijiya, cikin zafin rana, jama'a na biye. Ya nemi gafarar Allah, sannan ya leƙa ya ce, "Ku da muke zaune tare ba ma ganinku, na cuce ku, na kusa cutar wani saboda ku. Ku yafe mini."

Ba a ji komai ba. Can sai wani sanyi ya taso daga ƙasa. Aka ji ƙugi a cikin rijiyar, ruwa na hauhawa har ya taɓa baki ya malalo. Liman ya yi kabbara, Tabawa ta kifa goshi a ƙasa tana kuka. A kan jiƙaƙƙen yashin kuwa, kowa na kallo, sawun ƙaramin yaro ya bayyana, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan ɗingishi, ya nufi gindin tsamiya. Tsigar jikin kowa ta tashi.

Sarki ya sake Cindo, ya ba shi riga, ya ce, "To, yanzu fa? Ka yarda?"

Cindo ya daɗe yana kallon yashin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna dai bai taɓa kowa ba."

Ya yi sallama zai tafi gida. Sawun nan kuwa ya gitta hanyarsa. Cindo ya tsaya cak, ya tattare rigarsa, ya kewaye ta can nesa, yana cewa a hankali, "Sannu, yaro. Allah ya ba ka lafiya."

Haka na ji ta, haka na ba ku.