Ƙidaya Ta Cika, Auta Ba Ya Nan

Akwai wani yaro ɗan sikawut da kowa ke kira Dogo, domin tun yana ƙarami ya kere sa'o'insa tsawo. Shi ne shugaban rukuninsu na yara takwas. Ku gyara zama jama'a, labarin yau ba na dariya ba ne.

Da dogon hutu ya zo, ƙungiyarsu ta shirya fita daji ta kafa sansani na 'yan kwanaki. A rukunin Dogo akwai ɗan goggonsa, Auta, yaro ɗan firit mai shegen surutu, kuma wannan ce fitarsa ta farko. Ranar tafiya goggo ta rako shi har bakin mota, ta kama hannun Dogo.

"Ga ƙaninka nan," ta ce. "Ka dai san halinsa, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya."

"Haba goggo, sai ka ce yaƙi za mu? Lafiya lau zan dawo miki da shi."

Shugaban ƙungiyar kuwa wani mutum ne da ake kira Kwamanda. Bai taɓa shiga soja ba, amma tafiyarsa ta fi ta sojan. Ba mugu ba ne, tsakani da Allah, sai dai yana ji da kansa, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar ƙidayarsa.

Ga yadda take. In ya busa usur, kowane rukuni ya jeru, kowane yaro ya faɗi lambarsa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har ƙarshe. Shi kuwa Kwamanda sai ya juya musu baya, ya goya hannu yana saurare. Cewa yake yi shugaba na gaske da kunne yake ƙidaya, ba ya buƙatar kallon fuskar kowa.

In lamba ɗaya ta yi shiru, rukunin gaba ɗaya zai sha tsallen kwaɗo a cikin rana. In yaro ya zo babu ƙyallen wuyansa, haka. Wanda aka kama da ƙarya kuwa, a gaban kowa za a cire masa baje, wato alamar sikawut da ke rigarsa, a kore shi.

To, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Yara suka ƙirƙiro abin da suke kira riƙe lamba. In abokinka ya makara ko ya zaga bayan gida, sai ka ɗan sauya murya ka amsa masa. A wurinsu wannan shi ne zumunci, wanda ya ƙi riƙe wa ɗan'uwansa lamba kuwa maci amana ne. Lambar Dogo ɗaya. Lambar Auta bakwai.

Sun kafa tantuna a wani fili a gindin tuddai. Daga bayan filin, in ka ratsa wasu bishiyoyi, akwai kwazazzabo mai zurfi, busasshe ƙayau, cikinsa yashi da itatuwan da ruwan bara ya kwaso. Nan suke sauka su yi itacen girki.

Ranar da abin ya faru, tun safe garin ya tashi wani iri. Iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Tsuntsayen da ke damunsu da kuka suka yi tsit. Can bayan tuddai, nesa, wani baƙi ya fara haɗuwa a ƙasan sama, amma a kan sansanin rana ce ƙwal.

Bayan azahar rukunin Dogo suka haura daga kwazazzabon, kowa da damin itace a ka. Sun kusa fili Auta ya dafe wuyansa, ido ya raina fata.

"Yaya, ƙyallena! Ya faɗi a ƙasa."

"Kai ka cika sakaci wallahi. Bari sai an jima."

"In Kwamanda ya gan ni haka duk za mu sha tsalle saboda ni. Na san inda yake, wajen kututturen nan. Ka riƙe min lambata, yanzun nan zan dawo."

Kafin Dogo ya buɗe baki yaron ya ajiye daminsa ya arce. Ba a jima ba usur ya tashi.

Suka jeru. Dogo ya ce ɗaya. Ƙidaya ta gangara, biyu, uku, har shida. Dogo ya sunkuyar da kai, ya siranta murya.

"Bakwai!"

"Takwas!" in ji na ƙarshe.

Kwamanda ya gyaɗa kai, bai ko juyo ba. Yara suka haɗa ido suna murmushi. Dogo ma ya yi murmushin, domin ba yau ya fara ba.

Aka hura wuta, aka ɗora tukunya. Dogo yana wanke shinkafa yana leƙen hanyar bishiyoyin nan. Shiru. Ya ce a ransa wataƙila ja'irin ya tsaya bin ƙadangare ne, in ya dawo sai ya ja masa kunne. Shinkafa ta tafasa, ta tsotse, Auta bai ɓullo ba.

A lokacin ne iska ta taso, mai sanyi, daga wajen fili tana kaɗawa zuwa kwazazzabon. Baƙin nan na bayan tuddai ya girma ya ci rabin sama. Cida ta yi gurnani can ƙasa-ƙasa, irin wadda a ciki kake jin ta, ba a kunne ba.

Dogo ya ajiye ludayi zai sulale.

"Dogo!" Kwamanda ya ƙwala masa kira. "Ina zuwa? Ɗauki shebur, ku haƙa wa tantuna hanyar ruwa. Ina nan ina kallonka."

Ya ɗauki shebur. Hannu na haƙa, zuciya na can. Ya faɗa ne? To me zai ce? Cewa shi, shugaban rukuni, wanda Kwamanda ke nunawa yana cewa ku yi koyi da Dogo, ya yi masa ƙarya a ƙidaya? Ya hango kansa tsaye a gaban ƙungiya ana cire masa baje, ya hango mahaifinsa yana tambayar dalili. Tsoro ya kama shi, tsoro biyu ma, na jin kunya da na halin da Auta ke ciki, kuma ƙaramin ya danne babban.

Kafin a raba abinci usur ya sake tashi. Yanzu babu mai murmushi a rukunin. Na shida ya faɗi lambarsa, ya saci kallon Dogo. Dogo ya kau da kai. Ya ce a ransa, sau ɗaya dai, daga nan in ruga in ɗauko shi, babu wanda zai sani.

"Bakwai!"

Kaico! Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma fa kowace sai ta nemi wata ta tokare ta.

Bai samu ya ruga ba. Kwamanda ya sa aka zauna cin abinci a da'ira, shi yana tsakiya yana ba da labarin wani sansani da ya taɓa jagoranta. Dogo ya ture kwanonsa gefe. Kwanon Auta yana nan a kife a bayansa, ya ja jaka ya rufe shi.

Haske ya sauya, ya koma wani ja-ja mai duhu. Ko ɗigo bai sauka a kansu ba, amma tuddan sun ɓace gaba ɗaya cikin ruwan da ake tafkawa a can. Kwamanda ya miƙe yana kallon wajen, ya nuna da sanda.

"Kun ga wancan? Darasi ne gare ku. Ba sai an yi ruwa a kanka yake cinye ka ba. Duk abin da ke sauka a tuddan can, ta kwazazzabon nan zai biyo, kuma ba ya sallama. Duk wanda ya tarar a ciki, sai dai a yi wa iyayensa gaisuwa. Mu dai alhamdu lillahi, mun cika cif. Ku jeru a yi ta ƙarshe kowa ya shige tanti."

Dogo ya miƙe. Suka jeru. Dogo ya ce ɗaya. Biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Dogo ya dantse leɓe ya yi shiru. Shi ke nan, ya ce a ransa, bari shirun ya tona.

Sai ga wata 'yar murya daga tsakiyar layi.

"Bakwai!"

Na huɗu ne. Ya ga shugabansu ya kasa, ya taimaka, kamar yadda suka saba. Yaro bai san ɓarna yake yi ba, shi a ganinsa zumunci ya yi.

"Takwas!"

"Madalla," in ji Kwamanda. "Kowa ya..."

"Ƙarya ne!" Dogo bai san lokacin da ihun ya fito ba. "Babu bakwai! Auta ba ya nan! Tun da muka dawo itace ba ya nan, ni nake amsa masa. Yana cikin kwazazzabo!"

Kwamanda ya juyo. Karon farko ke nan da ya dubi layin da idonsa, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya zaci mari ne zai biyo baya. Amma fuskar mutumin ta zube, ya zama kamar wani tsoho.

"Igiya," ya ce. "Ku ɗauko doguwar igiya. Ku biyo ni!"

Suna cikin bishiyoyi suka fara jin ƙarar, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa. Da suka isa gaɓa, yashin nan fari babu shi. Jan ruwa ne ke gudu, yana tafe da rassa da ciyayi, yana ƙaruwa a kan idonsu.

"Auta! Auta!"

Dogo ne ya hango shi. Yana manne da bangon kwazazzabon daga ƙasa, ya rungume saiwar wata bishiya da hannu biyu, ruwa ya kai masa ƙirji. Ƙafarsa ɗaya tana lilo a cikin ruwan ta yadda lafiyayyar ƙafa ba ta yi. Bakinsa na motsi amma babu abin da ke fita.

Ashe garin sauka ya zame ya faɗo, ƙafa ta karye, haƙarƙari ya bugu har numfashi na yi masa wuya. Da jan ciki ya kai kansa gindin saiwar.

Kwamanda ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya zagaya ɗaya bakin a jikin bishiya, ya miƙa wa yara. "Ko me kuka gani, kada ku saki."

Ya sauka. Ruwa ya make shi da bango, ya nutse, ya ɓullo. Igiya ta ci tafin Dogo har jini, bai ji ba. Kwamanda ya kai hannu ya cafki rigar Auta, amma yaron ya ƙi sakin saiwar, yatsunsa sun ƙage. Sai da ya ɓamɓare su ɗaya-ɗaya.

"Ku ja!"

Suka ja, manya da ƙanana, suna kuka suna salati. Ƙafar Kwamanda na barin ruwa wani ƙaton kututture ya zo ya daki daidai inda suke, ya tafi da saiwar gaba ɗaya.

Da sanduna biyu da riguna suka haɗa abin ɗaukarsa zuwa mota. A asibiti likita ya ce rai dai ya tsira, amma ƙashin ya karye wuri biyu, kuma jan cikin da ya yi ya ƙara ɓata shi. Zai yi tafiya, sai dai ba irin ta da ba.

Kwamanda bai cire wa kowa baje ba. Da goggo ta iso asibitin, ya tsaya gabanta da jiƙaƙƙun kaya ya ce laifinsa ne, shi ya mai da yara masu tsoronsa fiye da tsoron ruwa. Goggo ba ta ce masa komai ba, ba ta ce wa Dogo komai ba. Da ma ta zage shi, da ya fi wa Dogo sauƙi.

Washegari Dogo ya shiga ɗakin da aka kwantar da Auta. Ya zauna a bakin gado.

"Me ya sa ba ka yi ihu ba?" ya tambaye shi. "Ai ba ka da nisa da mu."

"Na yi, Yaya. Iska ce ke mayar min da shi." Auta ya ja numfashi a hankali. "Amma ni ina jin ku sarai. Ina jin usur, ina jin ƙidaya. Kowane karo sai in ce yanzu za a zo kaina a ji shiru, a fito nemana. Sai in ji an ce bakwai."

Dogo ya kasa ɗaga kai.

"A na ƙarshen ne na daina kira," in ji Auta. "Na ce wa zai fito neman wanda yake nan?"

Dogo ya kifa fuskarsa a kan katifar ya fashe da kuka. Har yau, in ya hango ƙanin nasa yana tahowa yana jan ƙafa, sai ya ji muryar kansa a kunnensa tana amsawa.

Darasi: Ba kowace rufa-rufa ce taimako ba. Wani lokaci shirun da zai tona asirin ɗan'uwanka shi ne zai ceci ransa, don haka gara ka sha horo kan gaskiya da ka sha nadama kan ƙarya. Ku kuma iyaye da malamai da shugabanni, in tsananinku ya kai yaro ya fi tsoron faɗa muku gaskiya a kan halaka, to ku binciki kanku, kuma ku riƙa duban fuskokin waɗanda aka ba ku, kada ku tsaya ga jin amsa. Ku tura wa duk wanda ke da yara a hannunsa, ba ku san ran da za ku ceta ba.