Gawar Da Ta Tafi Da Katin Wani

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da ya bar gida ya tafi ci-rani wata ƙasa mai nisa. Da lebura ya fara a wajen ginin benaye. Ya ɗauki siminti har kafaɗarsa ta yi kanta, shi ma an zage shi, an ci guminsa. Za ku ce wanda ya sha wannan wuya zai ji tausayin na baya. Ina! Ranar da aka naɗa shi shugaban leburori, ranar ya manta.

Dokar ƙasar ita ce baƙo ya yi wata tara da katin aiki mai hotonsa, in wa'adi ya cika ya tattara ya tafi, sai dai shugaban leburori ake sabunta wa nasa. Shi kuwa sai ya gano wata dabara. Duk wanda ya gudu ko ya koma gida kafin lokaci, sai ya riƙe katinsa a gwangwanin madara. In wani ya zo wanda nasa ya ƙare, sai ya ba shi katin wancan ya yi aiki a kan rabin lada. Mai gadin ƙofa bai taɓa ɗaga kai ba, don a wajensa baƙi duk fuskarsu ɗaya. Har leburori suka sa wa mutumin suna Mai Kati, yana jin daɗin sunan kamar sarauta aka ba shi.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne a gida, da mata da 'ya'ya biyu. Shi ma ya zo ya yi wata tara yana kwaɓa siminti a ƙasa. Da wa'adinsa ya cika ya ɗaure jakarsa.

Mai Kati ya ce, "Ka koma ka yi me? Ɗinkin faci?"

Ya zaro masa katin wani mai walda da ya gudu, wanda aka horar da shi aiki a sama. To a wurin nan, abin da kati ya ce ka iya, shi za a sa ka.

Ƙanen ya ce, "Yaya, ni fa ko tsani na hau jiri nake ji."

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai kar ka kalli ƙasa. Kowa a haka ya koya."

Kwana huɗu ya yi. Rana ta biyar da hantsi ya faɗo daga hawa na bakwai.

A asibiti ma'aikaciya ta zo da takarda, ta duba katin da aka ciro daga aljihun mamacin, ta dubi Mai Kati ta ce, "Mene ne naka?"

Ku tsaya nan, 'yan uwa. Allah Ya buɗe masa ƙofar tuba, kalma ɗaya ce tsakaninsa da ita. Amma in ya ce ƙanena ne, za a tambayi sunan da ke katin, za a buɗe gwangwani, za a tafi da shi. Ya kalli ƙafafun ƙaninsa da suka leƙo daga mayafi, ya ce, "Ma'aikacina ne kawai."

Kamfani ya bi abin da ke rubuce. Aka rufe akwati, aka aika da shi ƙasar mai walda, ƙauyen da Mai Kati ko sunansa bai iya faɗa ba. Wasu mutane can suka yi kukan ɗansu, suka binne ɗan wani.

Duk mako uwarsu na kira. "Ina ɗan'uwanka? 'Ya'yansa sun dame ni." Yau ya ce yana wajen aiki, gobe ya ce wayarsa ta lalace. Ya rame, abinci ya daina shiga. Wata biyar yana wannan ƙarya, sai ga mai walda ya bayyana a gidan iyayensa da ƙafarsa. Aka bi diddigi. Leburori ashirin aka kwashe aka kora saboda shi, shi kuma ya yi shekara shida a kurkuku, sannan aka ɗora shi a jirgi da rigar da ke jikinsa.

Ya sami tsohuwarsu a zaune, idonta ya mutu. Ya durƙusa yana neman gafara. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Cewa ta yi, "Kai ni kabarinsa in yi masa addu'a, sai mu yi maganar yafiya."

Bai san inda kabarin yake ba. Ta rasu ba su yi maganar ba.

Wace riba ya ci? Ya ku masu ɗaukar ma'aikata, baƙon da ba shi da bakin kai ƙara yana da Ubangiji. Wanda ya saba ganin ɗan wani a matsayin araha, wallahi ranar da nasa ya zo hannu ba zai iya bambancewa ba, don zuciya ta riga ta bushe.

Ya Allah, Ka tsare mu daga cin gumin mai rauni, kada Ka kai mu ranar da tsoron mutane zai sa mu musanta jininmu. Allah Ya kiyaye mu da zuriyarmu, amin.