Kurege da Ƙaho Mai Murya Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙaho a kafaɗa.

Ta zo mu ji ta, ga tabarma.

To, Tabawa, bar tsokanar wutar nan ki saurara. Wata bazara ce yunwa ta kama daji. Kurege na yawon neman abin kaiwa baki, sai ya tarar da wani ƙaton ƙahon tagulla a bakin tafki, irin na 'yan badujala, ya faɗo daga motarsu. Murɗaɗɗe ne, bakinsa ya kai na randa. Ya leƙa ciki, ko ƙwayar gyaɗa babu. Don haushi ya busa. Buuum! Ruwan tafki ya yi rawa.

Kwaɗo ya ɗago kai. "Malam Kurege, ƙahon nan murya biyu gare shi, ɗaya kawai ka tasa."

Kunnuwan Kurege suka miƙe. Ya san Giwa za ta yi bikin suna na kwana uku, kuma a gidanta kowane mabushi akushi guda ake ba shi. Murya biyu, ai akushi biyu ke nan!

"Koya mini, Malam Kwaɗo. Akushi na biyu naka ne."

"Leɓe ya busa, maƙogwaro ya rera, a numfashi ɗaya. Kada wani ya jira wani."

Ya busa, waƙa ta gudu. Ya rera, busa ta mutu. Ya busa, ya rera, ya ƙware har da hawaye. Leɓensa ya kumbura suntum, Kwaɗo na ta dariya. Ran kwana na bakwai, da la'asar sakaliya, muryoyin suka gamu. Ta ƙasa na tafiya a hankali, ta sama na shawagi a kanta, sai ga wata ta uku ta ɓullo a tsakaninsu, wadda ba wanda ya yi ta. Iska ta tsaya cak. Balbela ta ɗaga ƙafa ta manta ba ta sauke ba. Kurege kansa ya manta da yunwa, amma na ɗan lokaci fa, kada ku zaci ya shiryu.

Ran biki ya saɓi ƙaho tun da hantsi, ko sallama bai yi wa Kwaɗo ba. A hanya ya ji ƙahon ya ƙara nauyi, ya ce gajiya ce.

"Ranki ya daɗe, mu biyu ne," in ji shi ga Giwa. "Ƙanena na cikin ƙaho, kunya gare shi."

"Madalla. Amma ka sani, maƙaryaci a gidana taka shi nake yi."

Ya busa, ya rera. Giwa ta lumshe ido, ta ga kogin da uwarta ke mata wanka tana ƙarama, har ta ji sanyin ruwan a bayanta. Hawaye shar. Aka kawo akushi biyu, tuwo da miyar gyaɗa. Kurege ya zaga bayan rumbu ya share su tas, haɗamamme kawai!

Can Giwa ta ce a sake mata kogin nan. Cikin Kurege kuwa ya cika, numfashi ba wurin zama, gyaɗa ta toshe maƙogwaro. Ya busa. Buuum, murya ɗaya tilo.

"Ina ƙanen?"

"Barci yake, ranki ya daɗe."

"Tashe shi."

Buuum.

Giwa ta ɗaga ƙafa, inuwarta ta rufe shi. Tsoro ya kama Kurege, ya kafa baki a ƙaho ya ce, "Wayyo ni!"

Daga cikin ƙahon aka amsa ƙasa-ƙasa: "Malam Kurege, ina akushina?" Ashe Kwaɗo ya san halin mutuminsa, tun safe ya shige.

"Ka rera, gobe ɗaya naka ne!"

"Biyu."

"Ɗaya da rabi."

Ƙafa ta ƙara saukowa.

"Biyu! Biyu, gobe da jibi!"

Kurege ya busa, Kwaɗo ya rera, kogi ya dawo. Giwa ta sauke ƙafarta a gefe. Kwaɗo ya fito ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

"Ikon Allah! Ƙanen naka bai yi kama da kai ba."

"Ruwa ya yi masa yawa yana yaro, ranki ya daɗe."

Kwana biyun da suka rage, Kwaɗo na zaune tsakanin akushi biyu yana lashe baki, Kurege na busa yana rerawa shi kaɗai da ciki wayam. Kuma wallahi bai taɓa yin busa mai daɗin wannan ba. Murya ta uku ta yi ta yawo a kan taron, kowa ya lula inda ransa ke so. Shi ma ya lumshe ido, ya ga gonar gyaɗa ba iyaka, ya miƙa hannu, sai tagulla ya damƙo.

Kurunkus kan ɗan kurege! Duk wanda zai yi ƙaryar ƙane a cikin ƙaho, ya leƙa ƙahon tukuna. Tabawa, miƙo mini sauran gyaɗar nan, ni ma mu biyu ne.