Farin Fili a Taswirar Malam Barmo

An yi wani sarki a ƙasar Tsaunin Maje, sunansa Alwali, adali ne, sai dai fushinsa yakan riga tunaninsa isa wuri. Da fari ya tsananta shekara uku a jere, sai ya ƙudurta ƙetarawa da talakawansa Dajin Ƙirya zuwa bakin kogi, tafiyar kwana tara. Ya umarci malamai biyu su zana masa taswirar hanya da rijiyoyinta: Malam Tankari, ɗan fada mai zaƙin baki, da Malam Barmo, wani dattijo matalauci.

Malam Barmo ya yi wata huɗu a daji yana auna zango da taku, kuma ba ya sa rijiya a takarda sai ya zura guga ya kurɓi ruwanta. Ran da aka shimfiɗa taswirorin a fada, ta Tankari cike take, kowane zango da rijiyarsa. Ta Barmo kuwa, daga zango na biyar zuwa na bakwai, fari fat!

Sarki ya murtuke ya ce, "Malam, raini ne ko lalaci? Rayukan jama'ata na ɗora maka, ka kawo mini rabin aiki?"

Dogarai suka matso. Barmo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na je wurin, ban sami ruwa ba. Abin da ban sha ba, hannuna ba zai rubuta shi ba."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Ɗayansu maƙaryaci ne. Fitar mini da shi kafin la'asar, in ba haka ba takobi ya hau mai rabin aikin nan."

Barmo na ta salati a zuci. Waziri ya daɗe yana duban takardun, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, tawada ba ta rantsuwa, amma ƙishirwa shaida ce. A kai kowannensu zango na biyar, a ba shi ruwa gwargwadon abin da taswirarsa ta ce yana bukata, ya ƙarasa zango na bakwai shi kaɗai."

Barmo ya ce, "Na yarda. A ba ni salka uku."

Aka juya ga Tankari, wanda bisa zanensa gora ɗaya ta ishe shi. Gogan naka sai zufa! Can ya zube yana cewa, "Tuba nake! Ban wuce zango na huɗu ba. A kasuwa na ji wani tsohon falke yana ambaton rijiyoyin, na cike gurbin don kada a ga gibi."

Sarki ya hango a zuciyarsa mata da jarirai tsaye a bakin rijiyar da babu ita. Ya kori Tankari daga fada, ya tura mahaƙa rijiya wurin da Barmo ya bari fari, ya ba Waziri ingarma, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa dattijon, ya ce, "Malam, ka yafe mini. Sarkin da ke hukunta mai cewa ban sani ba, shi ya koya wa fadawansa ƙarya, kuma talakawansa ne za su mutu a kanta."