Malamin da Ya Sauya Ƙarshen Littafi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, ɗalibin jami'a mai kaifin ƙwaƙwalwa. Shi da abokinsa da ake kira Dogo suna shirin jarrabawar ƙarshe ta kwatanta adabi, inda za su auna tarbiyyar da littattafai biyu ke koyarwa. Wanda ya fi maki shi jami'a za ta riƙe ya zama malami, kuma gurbin ɗaya ne tak.

Littattafan masu kauri ne, ga shi Dogo yana wuni a shagon ɗinki don ciyar da mahaifiyarsa. Sai suka raba aiki, kowa ya karanta ɗaya ya ba ɗan uwansa labari. Dogo ya sauke nasa tsakani da Allah.

Na mutumin nan labarin wani matuƙin kwalekwale ne da ya tarar ruwa na cin maƙiyinsa, ya miƙa hannu ya tsamo shi. Amma da ya zauna a bencin shagon, keken ɗinki na ta ƙara, sai ya dubi tsabar idon Dogo ya ce ai matuƙin juya baya ya yi, maƙiyin ya nutse. Dogo har da yi wa abokin nasa addu'ar godiya.

Ranar jarrabawa Dogo ya cika takarda da bayani kan ramuwar gayya. Masu dubawa suka ce bai ma buɗe littafin ba, ya faɗi warwas. Ya koma kan kekensa da baƙin ciki, bai daɗe ba ya rasu. Mutuminku kuwa ya zama malami, yana koyar da ɗa'a. Kun ji fa, ɗa'a!

Da ya zo koyar da wannan littafi, sai ya ji bakinsa na cewa matuƙin ya juya baya. Wata ɗaliba ta miƙo masa nata littafin, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ga ƙaryarsa a rubuce ɓaro-ɓaro. A bayan ajin, inda babu kowa, yana jin ƙarar keken ɗinki.

Ya sayi wani littafin, haka. Ya shiga ɗakin karatu, haka. Aiki ya kuɓuce, hankali ya bi baya.

Ni da idona na gan shi a bakin titi, babu takalmi. Ya riƙe min riga, ya miƙo min littafin ya ce, "Malam, karanta min ƙarshen." Na karanta masa cewa an tsamo mutumin da rai. Sai ya ce, "Kai ma ƙarya za ka yi min? Ina jin sa yana kirana daga cikin ruwan."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Me ilimi ya amfana masa? Wanda ya yarda da kai har ya rubuta maganarka da hannunsa, amana ya ba ka, kuma za a tambaye ka.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa mu gama lafiya.